Yadda ake tabbatar da lafiyar rumbunan Git a sabar da kake riƙe da ita da kanka

Rumbun Git, wato ma'ajiyar da ke riƙe da fayilolin manhaja da tarihin duk gyaran da aka yi musu, idan ya lalace ba ya kuka. Sabar tana kunne, shafinta yana buɗewa, masu rubuta manhaja suna turo gyare-gyare kullum ana karɓa, alhali can cikin wani fayil da aka ajiye shekara 4 da suka wuce 'yan baiti sun jirkice. Ba wanda zai sani, domin duk mai kwafi a kwamfutarsa sabon abu kawai yake jawowa, ba ya taɓa tsohon tarihi. Sai ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci, ya buga `git clone`, aiki ya yi nisa sannan ya tsaya cak. Kafin wannan rana, kwafin ajiyar da ake yi kowane dare ya daɗe da kwashe ɓarnar ya ɗora ta a kan mai kyau.

Idan rumbunanka suna GitHub, wannan ciwon kai na wasu ne. Idan kuwa kai ke riƙe da sabar, ko Gitea ce, ko Forgejo, ko GitLab, ko Gitolite, ko ma folda ce kurum da ake shiga ta SSH, to naka ne.

## Me ake bincika

Tun da Linus Torvalds ya fara Git a 2005, abubuwa iri 4 yake ajiyewa: `blob`, wato abin da ke cikin fayil, `tree`, jerin fayilolin folda, `commit`, hoton aikin a wani lokaci, da `tag`, alamar da ake liƙa wa siga. Sunan kowane abu lamba ce mai harafi 40 da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa ta hanyar SHA-1. Bari mu kira ta hatimi. Kowane `commit` yana ɗauke da hatimin `tree` ɗinsa da na `commit` ɗin da ya gabace shi, don haka tarihin gaba ɗaya sarƙa ce. Baiti ɗaya ya sauya, hatimi ya daina dacewa.

Sai dai Git ba ya zagayawa duba waɗannan hatimai don raɗin kansa, sai an sa shi. Sannan akwai wurin da hatimi bai rufe ba: rassa. Reshe ba komai ba ne illa suna da ke nuna wani `commit`. Idan ya ɓace, ko aka mayar da shi baya, duk abin da ya rage a rumbun lafiyarsa ƙalau. Saboda haka tambaya biyu ce, kuma kowacce da hanyar amsa ta. Abin da ke nan lafiya yake? Abin da ya kamata a ce yana nan, duk yana nan? Yawancin mutane ta farko kaɗai suke yi.

## Mataki na 1: Shiga da sunan mai rumbun

Gano inda rumbunan suke. A GitLab da aka girka ta kunshin Omnibus suna cikin `/var/opt/gitlab/git-data/repositories`, a Gitolite suna cikin folda `repositories` a gidan mai amfanin, a Gitea kuma fayil ɗin `app.ini` ne zai faɗa maka.

Kada ka yi binciken da sunan `root`, wato mai cikakken iko a na'urar. Daga sigar 2.35.2 ta 2022 Git yana ƙin aiki a rumbun da ba na mai buga umarnin ba, sigogin da suka biyo baya kuma su ce `dubious ownership`. Kuma ko ka lallaɓa ka wuce wannan, duk fayil ɗin da ka ƙirƙira da sunan `root` zai iya hana masu turo aiki rubutu daga baya. Sa `sudo -u git` a gaban kowane umarni, ko sunan da manhajar ke aiki da shi.

## Mataki na 2: Gwada rumbu ɗaya, ka koyi karanta sakamakon

```
sudo -u git git --git-dir=/srv/git/aiki.git fsck --full --name-objects
echo $?
```

Wannan umarni yana buɗe kowane abu, ya sake lissafa hatiminsa, ya kuma bi sarƙar ya ga ko akwai mahaɗin da ya tsinke. Layi na biyu yana nuna lambar da ya fita da ita: 0 na nufin bai ga kuskure ba. `--name-objects` kuwa yana ƙara sunan fayil kusa da hatimin, wanda zai yi maka rana sosai in an zo gyara.

Wanda bai saba ba, da ya ga allo ya cika da rubutu sai gabansa ya faɗi. Tsaya ka rarrabe.

Layin da ya fara da `dangling` ba ɓarna ba ne. Abu ne lafiyayye da babu reshen da ke nuna shi, irin abin da ake bari a baya in an share reshe ko an sake jera tarihi. Kusan kowane rumbu da ake aiki a cikinsa yana da su. Amma kada ka manta da su gaba ɗaya, za mu dawo kansu a mataki na 4.

Layin `warning` mai suna irin `zeroPaddedFilemode` tabo ne na haihuwa: wata tsohuwar manhaja ce ta rubuta abin ba bisa ƙa'ida ba tun farko, kuma tun lokacin bai sauya ba. Gyara shi yana nufin sake rubuta duk tarihin da ya biyo bayansa, hatimai su sauya a kwamfutar kowa. Ni dai ban ga riba a nan ba. Zuba hatimansu a fayil ɗaya, ka nuna wa Git shi ta `fsck.skipList`, ya daina damun ka. Haka batun `--strict` yake: yana da kyau ga sabon aiki, amma a tsohon rumbu yana iya ihu kan abin da ba komai ba. Rumbun Linux da na Git kansa suna da tsofaffin abubuwan da ba sa tsallake shi.

Waɗanda za su hana ka barci su ne waɗannan:

```
error: object file ./objects/3f/a9c1... is empty
error: inflate: data stream error (incorrect data check)
missing blob 7be2...
broken link from tree 91d0... to blob 7be2...
```

Na farko fayil ne mai tsawon baiti 0, kuma kusan kullum alamar an ɗauke wuta ko na'urar ta mutu ana tsakiyar rubutu. Na biyu na nufin matsattsen abin da ke cikin fayil ɗin ya gurɓace. Na uku da na huɗu tare suke tafiya: tarihi na neman wani abu, babu shi. Duk layin da ka ga kalmar `mismatch` a ciki, abin da ke fayil ɗin ne bai dace da hatiminsa ba.

Kafin ka tayar da hankalin kowa, sake buga umarnin. Idan binciken ya yi karo da `git gc` yana tattara fayiloli, zai iya cewa abu ya ɓace alhali wuri kawai aka sauya masa. Kuskuren da ya fito sau biyu a jere shi ne na gaske.

Akwai `--connectivity-only` mai saurin gaske, amma ba ya buɗe cikin `blob` ko kaɗan. Ya isa a duba tsinkewar sarƙa kullum, bai isa ya maye gurbin cikakken bincike ba.

## Mataki na 3: Duka rumbunan, ba tare da ka tuna ba

```
#!/bin/sh
TUSHE=/srv/git
RAHOTO=/var/log/binciken-git/$(date +%F).txt
: > "$RAHOTO"
find "$TUSHE" -type d -name '*.git' -prune | while read -r r; do
  if ! fita=$(nice -n 19 ionice -c3 git --git-dir="$r" fsck --full --no-dangling --no-progress 2>&1); then
    printf 'MATSALA: %s\n%s\n\n' "$r" "$fita" >> "$RAHOTO"
  fi
  echo "an duba: $r" >> "$RAHOTO"
done
```

`nice` da `ionice` suna sa binciken ya ja da baya idan wasu na amfani da sabar, domin babban rumbu yana cin lokaci da ƙwaƙwalwar na'ura ba kaɗan ba. Sa shi a `cron`, mai buga umarni da kansa a lokacin da ka tsara, sau ɗaya a mako, cikin dare. Abin da za ka auna wajen zaɓen tazarar shi ne tsawon kwanakin da kwafin ajiyarka ke daɗewa kafin a shafe shi: idan kwana 14 kake riƙewa amma wata-wata kake bincike, ranar da ka gano ɓarna babu sauran kwafi mai kyau.

Ka lura da layin `an duba`. Na taɓa riƙe wata sabar da irin wannan rubutun ya yi watanni yana shiru, ina murna. Ashe an mayar da rumbunan wata folda, shi kuma yana ta zagaya tsohuwar da babu komai a ciki. Tun daga nan nake sa rahoton ya zo ta imel kowane mako ko da babu matsala, da adadin rumbunan da aka duba a kansa. In adadin ya faɗi, ko imel ɗin bai zo ba, wannan ma labari ne.

Manhajojin da kansu suna da nasu. A GitLab akwai `sudo gitlab-rake gitlab:git:fsck`, da kuma binciken lokaci-lokaci da ake kunnawa a shafin shugaba, wanda ke rubuta abin da ya gani a `repocheck.log`. Gitea da Forgejo suna da aikin `cron.repo_health_check` a `app.ini`, duba wa'adinsa na `TIMEOUT`, don daƙiƙa 60 da yake zuwa da ita ba ta isar babban rumbu. Suna kuma da `gitea doctor check --all`, mai gwada ko ma'ajiyar bayanai da abin da ke kan faifai bakinsu ɗaya.

Wani abu da ke ruɗa mutane: rumbunan da aka tsago daga wani sukan aro abubuwa daga uwar, ta fayil ɗin `objects/info/alternates`. Idan ka ga rumbu 20 sun kawo kuskure iri ɗaya, ɓarna ɗaya ce a uwar. In kuma ka kwafe ɗan ba tare da uwar ba, rabin rumbu ka ɗauka.

## Mataki na 4: Rajistar rassa

Nan ne `fsck` ba shi da ta cewa. A ce wani ya share reshen `sakin-2.0` bisa kuskure, ko ya tura da `--force` ya haɗiye aikin mako guda. Abubuwan suna nan, sun dai zama `dangling`, wato irin layukan nan da muka ce ba ɓarna ba ne, muka kuma ɓoye su da `--no-dangling`. Binciken zai fita da 0. Bayan mako 2, wa'adin da `gc.pruneExpire` ke zuwa da shi, `git gc` yana da damar share su har abada.

Maganin shi ne ka riƙe rajista. Kowace rana, ga kowane rumbu:

```
git --git-dir="$r" for-each-ref --format='%(refname) %(objectname)' > yau.txt
diff jiya.txt yau.txt
```

Abu uku kake nema a bambancin. Reshen da yake jiya babu shi yau. `tag` ɗin da hatiminsa ya sauya, wanda bai kamata ya taɓa faruwa ba, don alamar siga in an liƙa ta an gama. Sai reshen da ya motsa amma ba gaba ya yi ba. Ga yadda ake gane na ukun:

```
git --git-dir="$r" merge-base --is-ancestor HATIMIN_JIYA HATIMIN_YAU
```

Idan ya fita da 0, na jiya kakan na yau ne, ƙari kawai aka yi. Idan 1 ne, an sake rubuta tarihi. A rassan gwaji na ɗaiɗaikun mutane wannan ba abin mamaki ba ne, kada ka bari ya cika maka rahoto. A babban reshe da rassan saki kuwa, sai ka ji daga bakin wanda ya yi.

Rajistar kada ta zauna a sabar da take gadi. Daga wata na'ura daban buga `git ls-remote` a kan adireshin rumbun, zai ba ka jerin nan, ka ajiye shi can. Amfanin hakan ya wuce kama kuskure. Tun da hatimin kan reshe ya ƙunshi duk tarihin da ke ƙarƙashinsa, layi ɗaya da ka ajiye a waje shaida ce kan dubban `commit`. Wanda ya kutsa sabar ya sauya tsohon fayil, ko dai `fsck` ya kama shi, ko hatimin kan reshen ya sauya, rajistar ta tona shi.

Kunna littafin motsin rassa ma, don a rumbunan sabar a kashe yake zuwa: `git config --system core.logAllRefUpdates always`. Da shi, `git reflog` zai nuna maka inda reshe yake kafin a ture shi.

## Mataki na 5: Tsare ƙofa

```
git config --system transfer.fsckObjects true
git config --system receive.denyNonFastForwards true
git config --system receive.denyDeletes true
git config --system core.fsync all
```

Na farko yana sa a binciki duk abin da aka turo kafin a karɓa, kuma Git a kashe yake kawo shi. Na biyu da na uku suna hana sake rubuta tarihi da share rassa. In sun yi wa masu aiki tsauri, bar su ka yi amfani da kariyar reshe ta GitLab ko Gitea a kan muhimman rassa kaɗai. Na huɗu, wanda ya zo a sigar 2.36, yana tilasta wa Git ya tabbatar abu ya sauka kan faifai kafin ya ce ya gama. Yana rage sauri kaɗan, amma shi ne maganin fayilolin nan masu baiti 0. Gitea da GitLab kowanne yana da nasa wurin saitin Git, ba lallai su karanta `/etc/gitconfig` ba, don haka saka a inda suke dubawa.

## Mataki na 6: Abin da ke wajen Git

Manyan fayilolin Git LFS ba sa cikin rumbun, ɗan rubutun nuni ne kawai a ciki, don haka `fsck` bai san da su ba. Sunan kowanne hatiminsa ne na SHA-256. A GitLab buga `gitlab-rake gitlab:lfs:check`, da 'yan uwansa `gitlab:uploads:check` da `gitlab:artifacts:check`. A kwafin aiki kuma akwai `git lfs fsck`.

Idan ana sa hannu a kan sigogin saki, `git verify-tag` da `git verify-commit` su ke tabbatar da wanda ya sa. Daga sigar 2.34 mabuɗin SSH ma ya isa, ba sai GPG ba. Hatimi yana cewa abu bai sauya ba, sa hannu yana cewa wane ne ya yarda da shi. Game da raunin SHA-1, gaskiya ne a Fabrairun 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun fito da fayiloli biyu masu hatimi ɗaya. Daga sigar 2.13 Git yana amfani da lissafin da ke gane irin wannan hari ya ƙi shi, kuma 2.29 ta kawo rumbuna masu SHA-256. Sabunta Git ɗinka, ka mayar da hankali kan faifai, shi ya fi kusa da cin ka.

## Mataki na 7: Binciki kwafin ajiyar shi ma

A Maris na 2013 aikin KDE ya kusa rasa rumbuna kusan 1,500. Tsarin fayilolin babbar sabarsu ya gurɓace, sauran sabar da ake kira madubi, masu kwafar duk abin da ke babbar, kuma suka yi aikinsu tsakani da Allah: suka kwafe ɓarnar. Da kwafin wata sabar da abin bai kai gare ta ba aka tsira. Madubi abin da ke gabansa yake nunawa, ko mai kyau ko maras kyau, shi ya sa ba ya zama ajiya.

Akwai tarko biyu. `git clone --mirror /srv/git/aiki.git` a na'ura ɗaya ba ya karanta abubuwan, haɗa fayilolin kawai yake yi ko ya kwafe su yadda suke. Ƙara `--no-local` domin a bi da su ta hanyar da ake sake lissafa hatimai. `rsync` kuwa bai san Git ba sam, kuma in ya zo ana tsakiyar turo aiki zai iya ɗaukar reshe ba tare da abin da reshen ke nunawa ba.

Abin da na fi yarda da shi shi ne dunƙule mai kwanan wata, wanda ba a sake rubutu a kansa:

```
git --git-dir="$r" bundle create aiki-$(date +%F).bundle --all
git clone --mirror aiki-$(date +%F).bundle /tmp/gwaji.git
git --git-dir=/tmp/gwaji.git fsck --full
```

`git bundle verify` shi kaɗai bai wadatar ba, kan fayil ɗin da abubuwan da yake dogara da su yake dubawa. Buɗe dunƙulen, ka yi masa `fsck`, ka gwada rassansa da rajistar mataki na 4. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma tuna dunƙule ba ya ɗauke da `hooks`, da `config`, da fayilolin LFS, da ma'ajiyar bayanan da ke riƙe da tattaunawa da buƙatun haɗe aiki. Waɗannan ajiyarsu daban.

## In an samu ɓarna

Dakatar da turo aiki zuwa rumbun, ka kashe duk wani `gc` na kai-tsaye. Kada ka buga `git gc`, ko `git prune`, ko `git repack -a -d` da fatan za su gyara. Gudun gara ne a faɗa gidan zago, don suna iya share abin da za ka yi ceto da shi. Yi `cp -a aiki.git aiki-ceto.git`, duk gwaji a kan kwafin.

Sannan duba faifan kafin ka ɗora masa komai: `dmesg` don kurakuran karatu, `smartctl -a /dev/sda` don lafiyarsa. Tsarin ext4 ba ya riƙe hatimin abin da ke cikin fayiloli, shi ya sa yake miƙo gurɓataccen abu ba tare da ya sani ba. ZFS da Btrfs suna riƙewa, kuma `zpool scrub` ko `btrfs scrub start` zai faɗa maka ko ɓarnar ta wuce rumbu ɗaya. In faifai ya fita lafiya, gwada ƙwaƙwalwar RAM, musamman idan ba mai ECC ba ce, wato irin wadda ke gano kuskure ta gyara da kanta.

Sa'arka ita ce duk wanda ya taɓa yin cikakken `clone` yana da tarihin. Nemo ɗaya, ka fara yi masa `fsck`, ka kuma tabbatar ba da `--depth` aka ɗauko shi ba. Kada ka ce masa ya yi `git push` kawai: sabar za ta ce rassanta daidai suke da nasa, ba za a turo komai ba.

Idan abu ɗaya ne ko biyu, fara fitar da gurɓataccen fayil ɗin daga `objects` zuwa wata folda. Matsar da shi za ka yi, ba sharewa ba. Muddin yana wurin, Git zai ɗauka yana da abin, ba zai rubuta sabo ba. `find objects -type f -empty` zai nuna maka marasa komai. A kwamfuta mai lafiya:

```
git cat-file -t 7be2...
git cat-file blob 7be2... > ceto.bin
```

Kai fayil ɗin sabar, ka buga `git hash-object -w --no-filters ceto.bin`. Hatimin da ya fito dole ya zama shi ne wanda ya ɓace, harafi da harafi. Idan `tree` ne ko `commit`, sauya kalmar a umarnin `cat-file`, ka ƙara `-t tree` ko `-t commit` a na `hash-object`.

Idan kuwa babban fayil ɗin `.pack` ne ya gurɓace, fitar da shi tare da `.idx` ɗinsa da duk masu suna irin nasa, sannan `git unpack-objects -r < /ceto/pack-xxxx.pack` ya tsamo duk abin da ke tsamuwa. Ragowar, kwafo fayilolin `.pack` da `.idx` na lafiyayyen kwafin ka zuba a `objects/pack`. Fayilolin `commit-graph` da `multi-pack-index` ba asali ba ne, daga sauran ake gina su, don haka cire su ka sake da `git commit-graph write --reachable` da `git multi-pack-index write`.

Sake `fsck` har ya fita da 0, gwada rassan da rajistar ranar da ta gabaci ɓarnar, ka yi `git clone` daga wata na'ura ta hanyar da kowa ke bi. In duk sun wuce, musanya kwafin da aka gyara da na asali, duba cewa fayilolin na mai amfani `git` ne, sannan ka buɗe turo aiki. Gurɓataccen rumbun ajiye shi gefe na 'yan makonni, ka koma kan kwafin ajiya ɗaya bayan ɗaya kana ja da baya har ka kai ranar ƙarshe da yake lafiya, don ka san tun yaushe abin ya fara da kuma waɗanne kwafi ne za a zubar.